Wasiƙa zuwa ga kamfanin da ya ɗaura mana na'urar gano hayaƙi a Garwa

Ranka ya daɗe Manaja, assalamu alaikum.

Na fito fili da wannan magana ne saboda lambar wayar da ke kan rasit ɗinku ba ta shiga, kuma ba ni kaɗai abin ya shafa ba a unguwarmu.

Hannu bibbiyu muka karɓi na'urorinku, domin nan gari ne da ake kunna kyandir in an ɗauke wuta, wasu kuma fetur ɗin kwalba a cikin gida yake kwana. Amma tun da hunturu ya shigo, wadda ke ɗakin yara take tsala ihu da tsakar dare, babu wuta babu hayaƙi. Da mai gyaran lantarki ya sauko da ita, sai ga ƙura ta toshe ragar gefenta, har da saƙar gizo-gizo. Shi ya fahimtar da ni cewa da haske take aiki a ciki, duk abin da ya shiga ya watsa hasken, ƙura ce ko tururi ko ƙwaro, hayaƙi take ɗaukarsa. Kuna kasuwanci a ƙasar da ƙurar kwarin Bodele na hamadar Chadi ke lulluɓewa duk shekara, me ya hana yaranku su nuna mana yadda ake share ta?

Ta biyun kuwa dab da murhu suka ɗaura ta, alhali tazarar mita 3 ake so a ba ta. Uwargida ba ta isa ta soya albasa ba, balle ta sa turaren wuta a kasko.

Abin da ya fi ci min rai shi ne ranar ƙirar da ke bayanta. Shekara 10 na'urar nan take yi a canza ta, tamu kuwa ta cinye fiye da rabi kafin ta shigo gidana, kuma kuɗin sabuwa na biya.

Yanzu maƙwabtana sun gaji, sun cire batir sun bar kwangon a silin. In gobara ta tashi, Allah Ya kiyaye, me zai tashe su?

Don Allah ku turo ma'aikaci ya matsar da ta kicin, ya canza tsofaffin ba tare da ƙarin ko sefa ɗaya ba. Ya koya wa matan gida danna maɓallin gwaji duk wata, ya gaya musu cewa ɗan kukan da take yi jifa-jifa batir take nema. Batir mai volt 9 ɗin ma ku ajiye shi a shagonku. Ina jiran amsarku a nan, inda kowa zai gani.

Wassalam,
Wani magidanci, Garwa