A Duba Halin Ƙananan Masaukan Baƙi a Tsaunin Mambila

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in ja hankalin hukumomin Jihar Taraba, da kuma 'yan uwana mutanen Kaduna masu zuwa tsaunin Mambila, kan haɗarin iskar guba daga garwashi da janareta da ke cikin ƙananan masaukan baƙi na Gembu da garuruwan da ke kewaye da ita.

Duk lokacin da jami'ai suka tashi maganar yawon buɗe ido a wannan yanki, sai su ambaci Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowane tsayi a Najeriya, mai tsayin mita 2,419, da gandun dajin Gashaka Gumti, da gonakin shayi na Kakara. Amma akasarin waɗanda suke hawan wannan hanya mai kwane-kwane daga Mayo Selbe ba masu kuɗin babban otal ba ne. Fatake ne masu sayen shanu da dankalin Turawa, da ɗalibai, da masu yi wa ƙasa hidima, da magidanta irina da suke so iyalinsu su ga wani sashe na ƙasarsu, kuma dukkansu a ƙaramin masauki mai 'yan ɗakuna suke kwana.

Na sauka a irin wannan masauki da damina, kuma ba ni da abin faɗa kan tsabtarsa ko kuɗinsa ko mutuncin masu shi sai yabo. Sai dai an shirya ɗakin ne tamkar a Tudun Wada ta Kaduna yake: fanka a sama, siminti a ƙasa, da siririn mayafi guda a kan gado. Tsaunin kuwa ya kai kimanin mita 1,600 daga doron teku, kuma sananne ne cewa duk hawan mita 1,000 zafin iska yana raguwa da wajen digiri 6, ga hazo da yayyafi da ke wuni a garin. Da yaron masaukin ya ga yadda sanyi ya kama mu bayan sallar isha'i, sai ya ce mini cikin ladabi, "Baba, ko in kawo muku wuta?" Nufinsa ya shigo mana da kaskon garwashi, mu rufe ƙofa da taga mu kwana da shi, kuma ya tabbatar mini cewa haka yake yi wa baƙi.

Yaron alheri ya nufa, amma abin da ya yi tayi yana kisa. Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar guba mai suna kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar da muke rayuwa da ita sau fiye da 200. Alamunta na farko su ne ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, waɗanda matafiyin da ya wuni a mota zai ɗauka gajiyar hanya ce kawai, ya gyara kwanciya. Wanda ta samu cikin barci kuwa yana iya wucewa ba tare da ya farka ba. Irin wannan iskar ce janareta yake fitarwa, kuma na ga an ajiye nasu a lungu, dab da tagar ɗakunan baya, saboda gudun ruwan sama da ɓarayi.

Maganin wannan bai kai kuɗin fenti ba. Barguna biyu masu kauri a kowane gado, ko da na gwanjo ne irin waɗanda muke saye a Kasuwar Barci, da bokitin ruwan zafi da asuba domin alwala da wanka, da rumfar janareta nesa da ɗakin kwana, sun wadatar. Mai son jin ɗumi ya ji shi a tsakar gida, inda iska ke kaɗawa.

Tun a shekarar 2013 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa rajista da sa ido kan otal-otal haƙƙin jihohi ne, saboda haka ba a buƙatar jiran Abuja. Ina kira ga gwamnatin Taraba da Ƙaramar Hukumar Sardauna su tura duba-gari su zagaya waɗannan masaukai kafin sanyi ya tsananta, su wayar da kan masu su da yaransu. Ina kuma roƙon kada a mayar da ziyarar wata sabuwar hanyar karɓar haraji, domin ribar waɗannan bayin Allah ba ta taka kara ta karya ba, kuma idan suka rufe, talaka ne zai rasa wurin kwana.

Mu kuma masu tashi daga Kaduna, musamman masu tafiya da yara da tsofaffi, mu sa bargo da rigar sanyi a cikin kaya, mu nemi a nuna mana inda janareta yake kafin mu biya kuɗin ɗaki, kuma idan aka yi mana tayin wuta mu yi godiya mu ce a bar ta a waje.

Wassalam,
Wani mai karanta jaridarku,
Tudun Wada, Kaduna.