Wasiƙa daga Damagaram: Na'urar Lambun Kawu

Damagaram, 12 ga Afrilu

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Ina gajiya, ina sanyin Liyon? Mu nan bazara ta kama, da azahar ko kare ba ka gani a hanyar Birni, kowa ya nemi inuwa. Inna tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko ka rame.

Ka tuna na'urar da na ce zan haɗa wa Kawu a lambunsa na Mirya? To, yau watanta uku tana aiki, amma sai da ta gasa mini aya a hannu. Ka san yana da famfo mai aiki da hasken rana wanda ke cika tanki daga rijiya. Shi kuma ba kullum yake lambun ba. Wani lokaci tankin ya cika ya yi ta zuba, wani lokaci ruwan rijiyar ya ja baya famfon ya yi ta juyawa a bushe. Kai ma ka san ruwa a ƙasar Damagaram ba abin wasa ba ne.

Kayan ba su da yawa: guntun ESP32, wato ƴar ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa komai, sai SIM800L mai ɗaukar katin waya, da ɗan abin nan mai yawo bisa ruwa irin na tankin bayan gida, da makunni. Na yi kwana goma sha ina zana manhajar waya, da zanen tanki shuɗi yana cika a hankali, har da jadawalin ruwan mako. Na hau babur na kai masa ina taƙama. Ya kalla, ya ce madalla, sannan ya zura hannu aljihu ya fito da wayarsa: ƴar ƙarama mai maɓallai, an ɗaure bayanta da roba don kada batir ya faɗi. Wallahi kunya ta kama ni. Shekara nawa nake ganin wayar nan a hannunsa, amma ban taɓa tuna ta ba lokacin da nake gaban kwamfuta.

Sai na koma saƙon SMS. Nan ma na koyi wani abu da ba a faɗa mana ba a jami'a. Saƙo guda yana ɗaukar haruffa 160, amma da zarar ka sa ƙ ko ɗ ko ɓ guda ɗaya tak, sai tsarin rubutun ya sauya, iyakar ta dawo 70. Ni kuwa na dage sai na rubuta Hausa daidai, da ƙugiyoyinta. Saƙon ya riƙa rabuwa biyu, kuɗin ma biyu. Na gajarta shi, na daidaita komai, amma duk a banza, don Kawu da ajami yake karatu. Idan saƙo ya shigo sai ya ajiye wayar har jikansa ya taso daga lakwal. Kafin nan ruwa ya gama malala cikin albasa.

Shi ya warware mini matsalar. Muna zaune ƙarƙashin mangwaro yana tsinkar salati, ya ce, "Kai ɗan nan, ita wannan aba taka ba ta iya yi mini bip?" Na yi shiru. Abin da kowa ke yi ke nan tun zuwan salula garin nan: ka kira, ka katse kafin a ɗauka. Yanzu in tanki ya cika, na'urar ta kashe famfo ta yi masa bip sau ɗaya. In rijiya ta ja baya, sai ta yi ta kira har ya ɗauka. In shi yake son kunnawa ko kashewa, ya kira ta, ta yi ƙara biyu ta katse, ko dala ba ta fita daga wayarsa. Jikan ya ajiye masa lambar da sunan "Rijiya". Ranar nan a masallaci wayarsa ta yi ƙara bayan sallama, ya duba ya ce wa na kusa da shi rijiya ce ke nemansa. Mutumin ya ɗauka tsufa ne ya fara taɓa shi.

Sau ɗaya wani ya yi kuskuren lamba ya kashe famfon da tsakar rana. Tun ranar lamba biyu kawai take amsawa, tasa da tawa.

Sauran wahalar ta ƙarfe ce da zafi. SIM800L in zai nemi rezo, wato sabis ɗin waya, yakan fizgi wuta har kusan amfiya 2 lokaci guda, sai guntun ya mutu ya sake tashi. Wani mai gyaran rediyo a Kasuwar Dole ya ba ni babban kwandansa, abin nan mai tara wuta ya sake ta lokacin buƙata, magana ta ƙare. Akwatin ƙarfen da na sa maƙeri ya yi mini kuwa, rezon ya toshe gaba ɗaya, sai na koma na roba. Ƴan fitilun ja da kore da na jera a gaba, cikin ranar Mirya ba ka bambance mai ci da marar ci, na cire su na sa ƙaramar ƙararrawa. Batirin lithium ba ya son caji in zafi ya wuce digiri 45, akwatin roba a rana kuwa ya fi haka nesa. Kawu ya ɗauko tsohuwar randa mai huda a gindi ya kife a kai, muka fitar da eriya ta hudar. Har yau lafiya lau. Na kuma kunna ɗan mai gadin nan na cikin guntun, wanda ke sake tayar da shi idan manhajar ta daskare, don ba zan yi ta cin kilomita 18 saboda danna maɓalli ɗaya ba.

Ga abin da nake so ka duba mini. Ku can kuna sabunta manhajar na'urorinku ta intanet kuna zaune a ofis. Ni duk gyara sai na ɗauki kwamfuta da igiya na hau babur. Ina tsoron turawa ta 2G, tsohon tsarin sadarwar waya da SIM800L ke amfani da shi, kada rezo ya yanke a tsakiya na'urar ta zama dutse. Yaya kuke yi ta koma tsohuwar manhajar da kanta in sabuwar ta ƙi tashi? Kuma na ji kamfanonin waya na Faransa suna shirin rufe 2G. In kun fara zubar da irin waɗannan kayan, don Allah ka tara mini, maƙwabtan Kawu uku sun riga sun yi magana.

In ka samu mai zuwa Yamai ka sanar da ni, akwai kilishinka a ajiye. Ka gaida maiɗakinka da yaran.

Naka amini,
daga Zango