Rahoton Kwamitin Gyaran Ajujuwa Uku Domin Rage Ƙarar Jiragen Sama

Assalamu alaikum. Wannan bayani ne ga iyayen yara, malamai da dattawan unguwa kan aikin da aka ɗora wa kwamiti a makarantarmu ta Islamiyya, wadda ke ƙarƙashin hanyar jiragen da ke tashi daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano. An gama aikin cikin hutun ƙarshen shekarar karatu, yara kuma sun koma ajujuwansu.

Filin ya riga mafi yawan gidajenmu zuwa. Tun 1936 jirage ke zirga-zirga a cikinsa, babban titinsa ya haura mita 3,000, sojojin sama ma suna amfani da shi, ga kuma jigilar alhazai duk shekara. Hukumar FAAN ce ke gudanar da filin, NAMA ke tsara hanyoyin da jirage ke bi a sama. Kwamitin unguwa ba shi da ikon sauya wa jirgi hanya. Abin da ke hannunmu shi ne ginin da yaranmu ke zaune a ciki, kuma a kansa muka tsaya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada hayaniyar da ke cikin aji lokacin darasi ta wuce desibel 35 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne). Da muka auna da wayoyi biyu lokaci ɗaya, ɗaya a tsakar makaranta ɗaya a cikin aji, bambancin bai wuce desibel 12 ba. Wato ƙarar waje tana shigowa sosai. Shi ya sa malami kan yi shiru a tsakiyar aya har jirgi ya wuce, yaro mai harda kuma ya rasa inda ya tsaya.

An kawo shawarwari uku a taron farko waɗanda ba mu ɗauka ba: ƙara tsayin katanga, dasa darbejiya, da liƙa kwalin ƙwai ko soso a bango. Katanga da itatuwa suna ɗan taimakawa a kan ƙarar mota, amma ta jirgi daga sama take saukowa. Kwalin ƙwai da soso ba su da nauyi, kuma nauyi ne ke tare sauti: idan aka ninka nauyin bango ko silin, ana samun ragin desibel 5 zuwa 6. Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin soro mai rufin azara da ƙasa ya san haka. Bangonmu na bulo mai inci tara da filasta ciki da waje ba shi da laifi. Ta rufi, tagogi da ƙofa ƙarar ke shiga.

Rufin ne ya ci mafi yawan kuɗi da lokaci. Kowane aji mita 8 ne da mita 7, wato murabba'in mita 56. An fara da toshe duk inda kwano ke yoyo, domin allon jifsam da za a yi sabon silin da shi ba ya jure ruwa. Tsohon silin na asbesto ne, saboda haka an jiƙa shi kafin a cire, ma'aikata sun sa takunkumi, ba a bari an farfasa shi ba, domin ƙurarsa na lalata huhu.

Sabon silin allon jifsam ne mai kaurin milimita 12, hawa biyu. Girman kowane allo mita 1.2 da 2.4 ne, aji ɗaya ya ci 44 har da na asarar yanka, ajujuwa uku 132. An jera hawa na biyu ta yadda mahaɗarsa ba za ta faɗo kan mahaɗar na farko ba. A samansa aka shimfiɗa audugar dutse (wani abu mai kama da auduga da ake yi da narkakken dutse, mai shanye sauti) mai kaurin milimita 50, fallaye 80 a kowane aji. Nauyin wannan duka ya haura tan ɗaya a aji guda, kuma katakon rufin da ke wurin ba zai ɗauka ba. Injiniya ya sa aka ɗora ƙarafa biyu a kan lintar kowane aji, aka jera katako mai inci biyu da huɗu a tsakaninsu da tazarar santimita 40. Silin bai rataya a jikin katakon rufi ba ko kaɗan. Wannan yana da muhimmanci, domin idan jirgi ya girgiza kwano, katakon da ya haɗa su zai sauko da girgizar kai tsaye cikin aji.

Tagogin luba goma sha biyu duk an cire su. Ko an rufe luba ruf, iska na bi ta tsakanin gilasan, kuma duk inda iska ta bi sauti zai bi. Kafar da ba ta wuce kashi ɗaya cikin ɗari na faɗin bango ba takan hana ragin ya wuce desibel 20, komai kaurin bangon. Yanzu kowace taga biyu ce: ta waje gilashi mai milimita 6, ta ciki mai milimita 4, da tazarar santimita 10 a tsakani. An bambanta kaurin da gangan, don kowane gilashi yana da irin sautin da yake bari ya wuce, idan kaurinsu ɗaya ne rauninsu ma ɗaya ne. Mun zaɓi masu buɗewa kamar ƙofa da roba a gefe, saboda masu zamewa ba sa matsewa. Ƙofofin langalanga an maye su da na katako mai kaurin milimita 45, da roba kewaye da dokin ƙofa.

Ajin da aka fara gamawa ya yi shiru, amma ya zama tanda. Ɗaki mai yara hamsin yana buƙatar aƙalla lita 250 ta sabuwar iska a kowace daƙiƙa, kuma a Kano zafin Afrilu kan haura digiri 40. Idan malami ya buɗe taga don yara su sha iska, aikin duka ya tashi a banza. An huda kafofi biyu a ƙasan bangon da ke baya da filin, kowace da akwatin katako mai lanƙwasa biyu da aka lulluɓe cikinsa da audugar dutse da raga. Iska na iya bin lanƙwasa, sauti kuwa yana raguwa a kowace kwana. A sama an sa fankokin zuƙe iska biyu masu inci 12 da ke aiki da sola, su ma a cikin irin wannan akwati. Fanka ɗaya ba ta isa ba, domin lanƙwasar na rage mata ƙarfi.

Wasu matsaloli ƙanana sun taso. Silikon da aka shafa a kan firam mai ƙura ya ɓare cikin makonni, sai da aka kankare, aka goge, aka sake. Ɗanyen katakon ƙofa ɗaya ya bushe ya bar kafa a sama, aka sauya shi da busasshe. Ramukan wayar fanka da fitila a silin sai da aka bi su ɗaya bayan ɗaya aka toshe. Sannan ɗakin ya riƙa amsa kuwwa saboda ko'ina ya yi tauri, muka rataya tabarmi masu kauri a bangon baya, muryar malami ta fito sarai.

Awon ƙarshe ya nuna bambancin desibel 28 tsakanin waje da ciki. Kunne na jin ragin desibel 10 kamar ƙarar ta ragu da rabi, don haka sauyin babba ne, kuma malamai ba sa dakatar da karatu idan jirgin fasinja ya wuce. Awon waya ba ya kai na na'urar ƙwararru daidaito, amma wayoyin da wuraren awon ɗaya ne kafin aiki da bayansa. Rugugin manyan jirage lokacin tashi da ƙarar jiragen yaƙi har yanzu ana jin su, domin sauti mai kauri ya fi wuyar tarewa. Tsakar makaranta kuma tana nan yadda take.

Allah ya saka wa duk wanda ya ba da kuɗi, kaya ko ƙarfinsa da alheri. Lissafin kuɗi da rasitai suna wurin ma'aji ga mai son dubawa. Ana roƙon malamai su riƙa rufe tagogi biyun lokacin darasi, a kakkaɓe ragar akwatunan iska duk mako a lokacin hunturu, a kuma duba kwano kafin damina. Ajujuwa biyu na ɓangaren mata ba a taɓa su ba tukuna, za a fara da rufinsu a hutu mai zuwa in Allah ya yarda.