Haihuwata za ta kama ƙarshen hunturu, na rasa laƙabin da zan zaɓa

Assalamu alaikum Anti, ina gaishe ki da aiki. Kullum ina sauraron matsalolin mutane a shirinki, yau ga ni da tawa. Don Allah a sakaya sunana.

Ina ɗauke da juna biyu, na fari, kuma a wajen awo an ce mini in Allah Ya yarda a makon ƙarshe na Fabrairun 2026 zan sauka. Kin san kunyar ɗan fari, ba zan iya buɗe baki in yi wa Mama wannan zancen ba, shi ya sa na kawo miki.

Sunan yanka ba ni da ta cewa a kansa, kuma bai dame ni ba. Maigida ya riga ya faɗa: in namiji ne zai mayar da sunan mahaifinsa, Allah Ya jiƙansa, in mace ce Hajiyarsu za a yi wa takwara. Ko ta ina dai sai an yi alkunya, don ba ni da bakin kiran sunan surukai a tsakar gida. Sai ya ce laƙabin da za a riƙa kiran yaron da shi ya bar mini. Nan fa gizo ke saƙar.

Gaskiya na gaji da Abba da Ummi da Walida. A layinmu kaɗai in kika ƙwala wa Ummi kira, yara uku ne za su waiwayo. Ni so nake sunan ya faɗi lokacin da aka haife shi, kamar yadda mutanen da ke yi. Kakata ta wajen uwa Marka ake ce mata. Ba ta taɓa mallakar takardar haihuwa ba, amma duk wanda ya ji sunan ya san ana tsakiyar ruwa ta zo duniya. Su Nomau da su Anaruwa duk haka aka yi musu.

Ga shi kuma lokacin da zan haihu ina ƙaunarsa. Sanyin Disamba da Janairu ya ja baya, zafin bazara bai kankama ba. Da asuba ana neman bargo, da azahar ana neman inuwa. Mangwaro ya fara 'ya'ya, alkamar masu noman rani ta kusa isa girbi.

Sunan da ya fara zo mini shi ne Ɗari, na wanda aka haifa da sanyi. Da na faɗa wa maigida sai da ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ranar da yaron ya shiga firamare 'yan aji za su mayar da shi naira ɗari. A baki kam sun bambanta, ɗarin sanyi ana jan sa, amma a rajistar makaranta rubutunsu ɗaya. Na ji haushi, sai dai yana da gaskiya.

Na koma Larabci. Wata ƙawata ta ce in sa Rabi'u, wai kalmar na nufin lokacin da tsirrai ke fure bayan sanyi. Malaminmu na Islamiyya ya ce akwai wannan ma'anar, amma Rabi'un da Bahaushe ya sani na huɗu ne, bayan Auwalu da Sani da Salisu, kowa zai tambayi ina yayyensa uku. Ta kawo Nada, wato raɓa. Na ce haba, ina aka ga raɓa a lokacin da leɓe ke tsagewa, kaushi na cin ƙafa? Nasim ne kaɗai ya ɗan kwanta mini, iska mai daɗi.

Ana haka sai maganar azumi ta shigo. A 2025 ranar 1 ga Maris aka ɗauka, na 2026 kuwa ana sa ran 18 ko 19 ga Fabrairu, ke nan haihuwar za ta faɗa cikinsa. Hajiya na jin haka ta ce an huta, mace Azumi, namiji Labaran. Maigida kuma Rayyan yake so, sunan ƙofar Aljanna da masu azumi za su shiga ta cikinta. Ban ƙi albarkar watan ba, Anti, wa zai ƙi? Amma watan yana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, kafin yaron ya kai goma azumi ya koma kaka, sanyin da nake son tunawa ya ɓace daga sunan. In kuma naƙuda ta yi gaggawa, a Sha'aban zan haihu.

To Anti, akwai laifi a addini in an yi wa yaro laƙabi da yanayi, bayan yana da sunan yanka mai kyau? Akwai sunan mata na lokacin sanyi da ke ko masu sauraro kuka sani a garuruwanku? Sannan wadda ta fi hana ni barci: tunda Hajiya ta riga ta furta nata, ta wace hanya zan kawo nawa ba tare da an ce amaryar bara ta fara musu da uwar miji ba? Maigida cewa ya yi mu ƙare tsakaninmu, shi nasa sayen rago.

Taku mai sauraro,
daga Zariya