A rinƙa kawo kaki na gaske wajen gwajin tibi, ba yawu ba

Assalamu alaikum Malam Edita, dan Allah ka ba ni fili in yi magana kan gwajin tarin fuka (wato tibi) da kuturta, don aikina kenan a ɗakin gwaji kuma abin yana damuna wallahi.

Mutum zai yi wata biyu yana tari, ga rama ga gumin dare, a ba shi roba ya kawo kaki sai ya tofa yawu ya miƙo. To ita ƙwayar tibi can cikin huhu take. Idan muka shafa kakin a gilashi muka zuba rinin Ziehl-Neelsen, jikin ƙwayar mai maiƙo ne, in ta kama jan rinin ko asid bai wanke shi, shi ya sa muke ganinta ja siririya a madubin ƙara girma, sauran wurin duk shuɗi. Amma fa sai ƙwayoyin sun kai dubbai a ɗan kaki kaɗan kafin ido ya gan su, to ina ga yawu? Sakamako ya fito babu, mutum ya koma gida yana murna yana ci gaba da tari a ɗaki ɗaya da yaransa.

Kakin asuba ya fi, a kurkure baki da ruwa, a ja numfashi sosai a yi tarin daga ƙirji. Kuma a tambaya ko akwai na'urar gwaji ta GeneXpert, cikin kamar awa 2 take gano ƙwayar har ta faɗa ko ta fi ƙarfin maganin tibi na rifampicin. Shuka ƙwayar a leb kuwa sai a kai sati 6 zuwa 8 saboda jinkirin girmanta.

Ƙwayar kuturta 'yar uwar ta tibi ce, tun 1873 wani likita Hansen ya gano ta a Norway amma har yau ta ƙi tsirowa a kwanon gwaji, sai dai a ɗan tsaga fatar kunne a duba, kuma da yawa ba a ganin komai alhali cutar na nan. Don haka tabo mai haske a fata wanda aka taɓa ba ka ji ba, kar a tsaya shafe-shafe, a je asibiti ko cibiyar tibi da kuturta ta Saye da ke Zariya. Maganin duka biyun kyauta ne a asibitocin gwamnati, na tibi wata 6, na kuturta wata 6 ko 12.

Naku,
Wani ma'aikacin ɗakin gwaji, Zariya