Wasiƙa zuwa ga Habu kan ƙullutun gwiwarsa

Daura, Jihar Katsina

Assalamu alaikum Habu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya kuma ruwan Fatakwal da ba ya ɗaukewa? Mu nan sai godiya, hunturu ya fara leƙowa.

Saƙonka ya iso. Ka ce ƙullutu ya fito maka a gefen gwiwa, har kana shirin in ka zo gida wanzami ya tsaga shi ya kafa ƙaho. Don girman Allah ka dakata. Ƙanena Lawal ya yi fama da irinsa bara, ni na yi ta kai shi asibiti. Da farko sujada ce ta fara yi masa wuya, daga baya tsugunne ya gagara, wani lokaci gwiwar ta ƙage sai ya girgiza ƙafar kafin ta miƙe. Hoton ƙashi bai nuna komai ba, don shi ƙashi kawai yake gani. Sai likita ya ce a yi MRI, wato hoton na'ura mai nuna guringuntsi da ruwan cikin gaɓa.

Ga yadda ya fahimtar da mu. A kowace gwiwa akwai guringuntsi biyu, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, zaune tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri kamar gammo, su ke ɗauke nauyi. Likitoci na kiransa meniskus. In ya yage, musamman yagewar kwance, ruwan gaɓa kan bi ta tsagar ya taru a gefe, shi ne ƙullutun da kake taɓawa. Ko da allura aka zuƙe ruwan, sau da yawa yakan dawo, tunda hanyarsa na nan buɗe. To balle aska, wadda za ta iya shigar da ƙwayar cuta cikin gaɓa.

Na'urar MRI ɗin ba abin tsoro ba ce. Da maganaɗisu take aiki, babu hasken da ake amfani da shi a hoton ƙashi. Sun sa Lawal ya cire agogo, makulli da waya, suka tambaye shi ko akwai ƙarfe a jikinsa, suka toshe masa kunne saboda ƙara. Kusan rabin awa ya kwanta ba motsi. Da aka nuna mana hoton, lafiyayyen guringuntsi baƙi ne wuluk, nasa kuwa farin layi ya ratsa shi har ya taɓo baki, can gefe ga ruwan ya taru fari tas. In layin bai kai baki ba, in ji likitan, ba a kiransa yagewa, mataki na 1 ne ko na 2. Na Lawal mataki na 3 ne.

Abin da ya fi burge ni, likitan bai yi gaggawar tiyata ba. Ya ce mutane da yawa da suka manyanta suna da yagewar nan ba su ma sani ba, don haka sai ya haɗa hoton da abin da ya gani a gwiwar. Gefen waje na guringuntsin ne kawai ke samun jini, shi ke iya haɗewa in an ɗinke. Can ciki ba ya warkewa, sai dai a datse in ya matsa. Lawal da motsa jiki aka fara masa. Da ƙagewar ta ƙi bari ne aka yi aikin, ta ƙananan huji biyu da kyamara.

Ba na ce lallai naka irin nasa ba ne, kumburin gwiwa iri-iri ne. Ka nemi likitan ƙashi nan inda kake. Kuɗin hoton da ɗan nauyi, ka tambaya tukuna ka shirya. Kafin nan ka yi sallarka a kan kujera, babu laifi.

Hajiya na gaishe ka. Ka gaida maiɗakinka da yara.

Naka,
Musa