Rahoton ayyukan shekara: ƙyallen shaida a bayan kowane bargo

Assalamu alaikum iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu 'yan ƙungiya. Kwamitin gudanarwa na gabatar muku da abin da aka yi a shekarar da ta ƙare. Zaman koyon yanka da haɗa faci ya gudana yadda aka saba, kuɗin wata sun shigo ba laifi, ma'aji kuma za ta karanto lissafinta a babban taro. Aikin da ya fi cin lokacinmu shi ne ƙa'idar da kuka amince da ita a taron bara: bargon faci ba zai fita da sunan ƙungiya ba sai da ƙyallen shaida a bayansa, an kuma shigar da shi rajista.

Dalilin ƙa'idar ba ɓoyayye ba ne. Barguna kan rikice a wurin baje koli, mai saye kan dawo neman wadda ta yi aikin a rasa wace ce, wasu 'yan kasuwa kuma kan sari namu su sayar a matsayin na waje. Mun kuma duba tsofaffin bargunan da wasu suka kawo daga ɗakunan iyayensu. Babu suna, babu shekara. Abin da kawai ya taimaka shi ne gefen atamfar da aka yi facin da ita, inda a wasu har yanzu ake karanta UNTL, masaƙar Kakuri ta Kaduna da aka kafa a 1964. Wannan na nuna ba a ɗinka bargon kafin lokacin ba, amma ba ya faɗin hannun da ya riƙe allurar.

Ga abin da aka tsayar a rubuta: cikakken sunan mai ɗinki, gari, wata da shekara, lambar rajista, irin abin da aka sa a ciki, auduga ko soso, sai yadda za a wanke. In wata ce ta haɗa fuskar, wata ta yi ɗinkin da ke kama fuska da ciki da shafi, a sa sunayensu duka. An yi doguwar muhawara kan suna, domin da yawa daga cikinmu an fi saninmu da Maman Wane ko Hajiya Babba. Kwamiti ya tsaya kan sunan yanka da na mahaifi, inkiya ta biyo baya ga mai so, don Maman Wane ba ta ƙirguwa a Tudun Wada kaɗai. Bargon kayan ɗaki ko na suna ana iya ƙara masa sunan amarya ko jariri da ranar biki. Mai son ajami ta rubuta, mai son shekarar Hijira ta haɗa da ta Miladiyya. Ba a sa aya ko sunan Allah, tunda abu ne da ake zama a kai, yara su yi fitsari, a jefa a bahon wanki. Lambar waya ma mun cire ta, ta fi bargo saurin mutuwa.

Ƙyallen kansa farin yadin auduga ne zalla, mai saƙa a matse. Mai haɗin roba ba ya shan tawada sosai, kuma yana ƙuna a ƙarƙashin dutsen guga. A wanke shi tukuna, a shanya, a goge. Sabon yadi na ɗauke da sitaci, tawada kan zauna a kan sitacin ta tafi tare da shi a wankin farko; ga shi kuma yana tsukewa, sai ya tattare shafin da aka ɗinka shi a kai. A yanka inci 5 da inci 7, a kalmashe rabin inci ta kowane gefe, a samu inci 4 da 6. Yadi ɗaya mai faɗin inci 45 yana ba da guda 42, shi ya sa muke saye a dunƙule a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, mu yanka mu raba.

A wajen rubutu aka fi samun ɓarna. Biro na koɗewa, na wasu kuma ya yi nason shuɗi. Tawadar alƙalamin maka mai kauri kan bi zaren yadi ta bazu har harafi ya haɗe da ɗan uwansa. Wanda ya jure gwajinmu shi ne alƙalamin yadi mai siririn baki da tawadar da ba ta narkewa a ruwa, irin Pigma Micron 05. A shimfiɗa ƙyallen a kan sanfefa mai laushi don kada ya zame, a ja layi da fensir a hankali, sannan a rubuta. A bar shi ya kwana, a ɗora wani ƙyalle a kai, a danna da dutsen guga mai zafi ba tare da yayyafa ruwa ba. Masu dutsen gawayi su kula da toka. Kowane sabon alƙalami a gwada shi a guntun yadi, a wanke sau uku da sabulun da aka saba. Duk da haka surfani ya fi komai daɗewa: ɗinkin sarƙa da zare biyu, baƙi ko shuɗi mai duhu. Jan zare mai arha na zuba, a jiƙa shi a ruwan ɗumi a gani kafin a fara.

Wurin ƙyallen shi ne kusurwar ƙasa ta dama a bayan bargo. Mun fi son a ɗora shi a kan shafi tun kafin a haɗa rufi ukun, yadda ɗinkin haɗin zai ratsa ta cikinsa. Mai son cirewa sai ya warware bargon. In an riga an gama, a yi ɗinkin ɓoye mai tazarar milimita 3, allura ta kama shafi kawai, kada ta fito ta fuska. Akwai hanyar gaggawa ga masu aikin kasuwa: murabba'in inci 6, a ninka shi kusurwa zuwa kusurwa, a cusa gefuna biyun cikin kalmasar bakin bargo, gefe ɗaya kaɗai ya rage a ɗinke da hannu. Ko wacce aka bi, a rubuta suna da lambar rajista kai tsaye a kan shafin, a ƙarƙashin ƙyallen. Gam da ƙyalle mai mannewa da guga an hana su, suna ɓanɓarewa bayan 'yan wanke-wanke.

Inda muka gaza shi ne rajista. Ana rubuta lamba a bargo a manta da littafi, har aka samu barguna biyu da lamba ɗaya. Daga yanzu sakatariya ce kaɗai ke ba da lamba, bayan ta ɗauki hoton gaba da baya da waya ta rubuta tsawo da faɗi.

A shekara mai zuwa za a gama sa shaida a kayan sayarwa kafin hunturu ya shigo, lokacin da ciniki ke tashi, ragowar kuma a tanade su don baje kolin ƙasa da ƙasa na Kaduna da ake yi a Rigachikun. Mai tsohon bargo a gida ta tambayi manya tun suna raye wa ya ɗinka, a wane gari, don wane biki. Abin da aka tabbatar a rubuta shi yadda yake, wanda ake kintata a sa "wajen" kafin shekarar. A zo zama na gaba da allura, zare mai duhu da yadin da aka riga aka wanke.

Kwamitin gudanarwa